Baffa Ya Hana A Faɗi Farashi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, ko daga Kano aka kira mutum ko daga Guangzhou. Baffa dai daga nan Guangzhou ta ƙasar Chana aka kira shi, a irin lokacin nan na laima da bangon ɗaki ke zufa, ka shanya zane ya ƙi bushewa. Aka yi masa sutura, aka kai shi maƙabartar Musulmi ta bayan gari, maza suka dawo suka cika mini falo.

Ni ina kicin. Gidanmu a bayan titin Huanshi Lu yake, kuma duk wanda ya taɓa hawowa cin tuwona ya san labule ne kawai tsakanin falo da kicin. Ba laɓe nake yi ba. Kunne ne Allah ya ba ni, ban kuwa roƙa ba.

Wani dattijo ɗan Maraɗi mai sarin yadi shi ya fara magana. Ya ce, "Patron ne, uban gida na gaske. Shekara da shekaru yana loda mini kaya, ko allura ba ta taɓa ɓata ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai taurin kai. Allah ya yafe masa taurin kai." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, aka ce amin.

Lawban ɗin Xintang ma ya zo, wato ɗan Chanan nan mai masana'anta da ke ɗinka wa Baffa wandunan jins a garin Xintang. Ya taho da ledar lemo, ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar yadda ya ga an yi. Can sai ya dafe ƙirji ya ce, "Baffa... meyo." Kalmar da suke faɗa mana ke nan a shago in kaya ya ƙare: babu. Ban taɓa jin ta yi nauyi irin na ranar ba.

Sai Alhajin kago ya yi gyaran murya. Shi ne babban dillalin jigilar kaya a cikin mutanenmu na nan, kuma rabin masu cin abincina yaransa ne. Ya ce, "To, Allah ya jiƙan tsoho. Amma tunda ƙasa ta rufe masa ido, sai a rufe maganar namun dajin nan tare da shi. Mu baƙi ne a ƙasar mutane. Na ji an ce akwai wani bidiyo da ya yi kafin ya cika. A goge shi, kowa ya huta. In kuwa ya fita, yarana ba su ƙara taka benen nan."

Maigidana ya ce, "Za a duba, Alhaji."

Na san wannan "za a duba" ɗin nasa tun ina amarya. Ma'anarta Allah ya sa maganar ta mutu da kanta.

Abin da Alhaji bai sani ba shi ne, bidiyon yana cikin wayata, wayar kuma tana cikin aljihun zanen da nake tuƙa tuwo da shi. Karatuna bai yi nisa ba, amma na ga in na yi shiru, nan da baɗi abin da za a riƙa tunawa da Baffa shi ne "tsohon nan mai taurin kai". To ni zan faɗi inda taurin kan ya samo asali.

Baffa yayan mahaifin maigidana ne. Shi ya kawo maigidan Chana, shi ya tsaya tsayin daka har aka kawo ni daga baya. Matarsa ta riga shi rasuwa, 'ya'yansa suna gida, don haka a wurina yake ci. Sana'arsa ba ta da wani ɓoye: ya saro jins a Xintang, ya haɗa da kayan mutane, ya tsaya a tashar jirgin ruwa ta Huangpu har sai ya ga an rufe kwantena da idonsa. Kowane kwali sai ya dafa shi kafin a ɗora. Yakan ce, "Kaya ba ya ƙarya, mai kaya ne ke yi."

Bai taɓa zama a kujera ya ci abinci ba. A ƙasa yake zama kusa da taga, ya lanƙwashe ƙafa, ya ci da hannu, ya bi da shayin 'yan Chana wanda ba sukari, wanda yake kira ruwan ganye. Ni kuwa "Uwar ɗakina" yake ce mini, duk da ni surukarsa ce, ko ido ba na haɗawa da shi. In miya ta yi daɗi ba ya yabo. Sai ya ce, "Uwar ɗakina, yau wa ya ɓata miki rai? Ki riƙa barinsa yana ɓata miki."

Bakano ne, amma ba a Kano ya girma ba. Mahaifinsu falken goro ne, don haka a wani zango ya tashi can kudu, bakin kurmi, wajen iyakar Kamaru. Abokan wasansa 'ya'yan maharba ne. In ya fara labarin kurmi, sau da yawa miyata kan kama. Yakan kwaikwayi kukan aku in sun taso garke guda da asuba, da yadda birai ke zagin mutum daga saman itace, da yadda za ka ji warin giwa kafin ka ga sawunta. Tsoho da furfura, ya kumbura kumatu yana kukan biri a hawa na sama a Guangzhou, maƙwabciyarmu tana buga mana bango.

Wanda ya fi so a cikinsu duka shi ne ɗankunya. Ni ban taɓa ganinsa ba sai a bakin Baffa. Ya ce wata 'yar dabba ce mai sulke a jiki, ɓawo a kan ɓawo kamar an jera rufin kwano. Ba ta da haƙori, ba ta cizo, ba ta ɓarna a gona, gara da tururuwa kawai take lasa da dogon harshe. Ɗanta a gindin wutsiyarta yake hawa. In ta ji tsoro sai ta dunƙule ta ɓoye fuska. Ya ce, "Damisa ta juya ta, ta juya, ta haƙura. Amma ɗan Adam? Ɗauka kawai yake yi ya jefa a buhu. Mai ɓoye fuska ba ya wahalar da ɓarawo."

Wata shekara ya je gida, ya ce bari ya leƙa zangon da ya tashi. Da ya dawo, bai kwaikwayi kukan kowa ba. Na ce, "Baffa, ya kurmin?" Ya ce, "Itatuwan da suka rage suna nan. Amma kamar ka shiga kasuwa ranar da ba ta ci ba."

Yadda maganar ta shigo kicin ɗina kuwa, ta hanyar saƙo ne. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa duk daga gida matafiya ke riƙo mini su. Kuma kowa ya san al'adarmu: saƙo amana ne, ba a buɗewa, ba a tambaya. Wani bawan Allah da ya zo karon farko ya kawo mini ƙulli biyu. Ya ce ɗaya nawa ne, ɗayan kuma kuɓewa ce da aka ba shi a filin jirgi, wani zai zo ya karɓa a wurina. Da na ajiye shi a ƙasa sai na ji ƙarar ba ta yi mini ba. Na girma da kuɓewa, na san yadda take raɗa. Wannan ƙwal-ƙwal take yi.

Na tsaya daga bayan labule na ce, "Baffa, wannan kuɓewar tana magana."

Ya ce a kawo. Maigidana ya ce, "Baffa, amana ce fa." Ya ce, "Amanar da aka ajiye a ɗakin matarka ba ta sani ba?" Ya sa wuƙa ya farke. Kuɓewa a sama, a ƙasa ɓawo ne launin ƙasa-ƙasa, cike da leda. Baffa ya daɗe yana kallo. Sai ya tsinto wani ɗan ƙarami da bai kai farcen babban yatsa ba, ya ce, "Wannan ɗa ne. A wutsiyar uwarsa aka same shi."

Matafiyin nan har kuka ya yi, don bai san abin da ya ɗauko ba, kuma dokar ƙasar nan ba ta wasa da irin wannan kaya. Baffa bai ambaci sunansa ga kowa ba. Da kansa ya nemi tafinta ya kai wa hukuma ledar. Mai karɓar saƙon bai taɓa zuwa ba. Daga ranar aka fara ce wa Baffa ɗan rahoto a bayan idonsa, ni kuwa ina ji ta labule.

Bayan 'yan kwanaki ya ce, "Kamun leda ɗaya ba ya cika kurmi. Masu ɗaukowa a can su za a yi wa magana, kuma yanzu kunnen kowa a waya yake." Nan ne Auta ya shigo.

Auta ƙanin maigidana ne, ɗan autansu. Sana'arsa ɗaukar bidiyo a kasuwannin garin nan yana sakawa a waya, 'yan kasuwar gida suna kallo. Za ka gan shi ya shiga shago yana ihu, ya fara da gaida mai shago da Canisanci, "Nihawu lawban! Jama'a ku duba takalmi! Ku duba ɗinki!" A ƙarshe ya faɗi farashi. Kullum da farashi yake rufewa, don mutanenmu ba kallon nishaɗi suke yi ba, lissafi suke yi. Yana da mabiya kamar ƙasa, yana da abokai masu irin sana'arsa. Ta hannunsa kuma aka samu wata 'yar jarida a wani gidan rediyo na gida, mai shirin noma da muhalli, wadda ke shigowa ta waya ana ganin fuskarta.

Sai falona ya zama wurin taro duk Juma'a bayan an sauko masallaci. Su kafa fitila, su jingina waya a jikin kwanon tuwo.

Auta ya ce, "Matarmu, matsar da tukunyar nan, tana ɓata mini haske."

Na ce, "Tukunyar ce ta yi maka waɗannan kumatun da kake nuna wa duniya."

"Ni fa tauraro ne."

"Tauraron da ke lashe kwano."

Bidiyon farko ya yi kyau. Baffa ya zauna kusa da tagarsa ya ba da labarin ɗankunya, ya ce ɓawon nan da ake kashe shi dominsa farce ne kawai, irin wanda muke yankewa ranar Juma'a mu zubar. Auta ya gyara, ya haɗa. Da ya zo ƙarshe sai hannunsa ya yi abin da ya saba: ya faɗi abin da ake sayen kilo ɗaya a ɓoye a nan, ya kwatanta da ɗan abin da ake ba maharbi a ƙauye. Nufinsa a ga irin cutar da ake yi. Ba wanda ya ga aibu a ciki. Mu 'yan kasuwa ne, bidiyo ba farashi a wurinmu miya ce ba gishiri. Ita ma 'yar jaridar ta maimaita adadin a shirinta. Baffa kuwa yana Huangpu yana lodi, bai ga ƙarshen ba.

Bidiyon ya zagaya fiye da duk wanda Auta ya taɓa yi. Yana ta tsalle a falona yana cewa ya zama gwani. Sai waya ta fara ƙara, don lambar Baffa aka sa a ƙasa.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, Baffa ya zauna bai taɓa tuwo ba. Ya ajiye wayarsa a tsakiyar tabarma ya kunna saƙonnin murya ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce, "Salamu alaikum Baba, na ga bidiyonku, ina da rabin buhu, ta ina ake turowa?" Wani ya ce, "Ashe haka abin yake da tsada? Mu nan muna da su a dajinmu." Wani yaro ma cewa ya yi zai bar acaɓa ya shiga kurmi.

Baffa ya dubi Auta ya ce, "Talla ka yi mini."

Auta ya ce, "Baffa, gaskiya na faɗa. Kuma wallahi in ba farashi ba mai tsayawa ya kalla."

"Gaskiya ce. Ita ma wuƙa gaskiya ce, amma ba ta wajen kaifi ake miƙa wa mutum ita ba. Na zauna na ce kada a kashe, ka zo ka faɗa musu ladan kisan. Wanne kake zaton mai jin yunwa zai riƙe?"

'Yar jaridar tana cikin waya, ta ce, "Baba, a aikinmu adadi shi ne ƙashin labari."

Ya ce, "'Yata, to ki nemi wani ƙashin. Wannan na ɗankunya ne."

Auta ya tashi ya kwashe fitilarsa ya fita, ko sallama babu. Ya goge bidiyon, amma abin da ya shiga wayoyin mutane ya riga ya shiga. Ya tare a Xintang wurin abokansa, ya daina ɗaga wayar kowa. Na ɗauka shi ke nan an rabu. Ranar Lahadi sai ga Baffa a bakin labule yana cewa in zuba masa tuwo da miyar kuka a kula. Na ce, "Ina za ku da shi, Baffa?" Ya ce, "Akwai wani tauraro da taliyar 'yan Chana ta kusa kashewa." Tsoho da ciwon ƙafa ya hau mota har Xintang da kula a cinya. Ban san abin da suka ce wa juna ba. Da yamma suka dawo tare, Auta yana riƙe da kular, wankakkiya tas.

Daga nan Baffa ya kafa dokarsa, duk wanda zai ɗauki muryarsa sai ya yarda da ita: ba a faɗin farashi, ko da wasa, ko don a nuna muninsa. Ba a kuma faɗin sunan kurmin da aka ga dabba. Abokan Auta suka yi ta gunaguni, wasu suka janye. Waɗanda suka tsaya suka koyi wata hanyar riƙe mai kallo.

Masu bugo waya kuwa bai toshe ko ɗaya ba. Kowa sai ya kira shi da kansa. Wanda ba zan manta ba wani maharbi ne dattijo. Baffa ya fara gaishe shi da irin gaisuwar maharba da ya koya a zango, har mutumin ya ce, "Kai, ɗan wane gida ne?" Suka yi ta hira kamar sun san juna. Can Baffa ya ce, "Lokacin mahaifinka, ina ake samun ɗankunya?"

"A bayan gari ma."

"Kai fa?"

"Ni sai na kwana a ciki."

"To jikanka fa, ina zai je?"

Baffa ya ce, "Ba zan saya ba, ba kuma zan haɗa ka da mai saye ba. Amma zan aiko maka da waya mai ɗaukar hoto. Ka nemo mini ɗankunya da ransa, ka ɗauki hotonsa, ka bar shi inda ka gan shi. Idona nake so ka zama." A cikin kwalin jins aka tura wayar, da 'yan wanduna da zai riƙa sayarwa ranar kasuwa.

Bidiyoyin farko da ya turo, rabi ƙafarsa ce, rabi sama. Auta ya yi ta yi masa bayani har ya iya. Daga baya muka ga aku, muka ga birai, muka ga sawun giwa cike da ruwa. Auta ya haɗa da muryar Baffa, 'yar jarida ta sa kukan tsuntsayen a rediyo mutane suna bugowa suna cankar sunansu. Ba zan ce duk masu kisa sun daina ba, ƙarya ba ta amfanar mamaci. Amma masu tambayar ta ina ake turowa sun ragu, masu turo hoton abin da suka gani suka bari sun ƙaru.

Alhajin kago bai taɓa son abin ba, kuma ba zan ce ba shi da hujja ko kaɗan ba. Wata rana ya tare Baffa a falona ya ce, "Kana jawo mana ido. Ana buɗe mana kaya, ana duba mana fasfo a hanya, kai kuma kana shelar cewa mutanenmu na safarar haram. Kana tona mana asiri a ƙasar mutane."

Baffa ya ce, "Asirin wa? Ni nawa jins ne."

Yaran Alhaji suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Baffa ya ce, "Ba bidiyo ne ya sa ake buɗe mana kaya ba, Alhaji. Ɓawon ne. Ranar da ya daina shigowa a cikin kuɓewar mata, ni ma zan yi shiru." Alhaji ya tashi bai gama cin namansa ba. Ban ce yana da hannu a wani abu ba, ban gani ba. Abin da na sani shi ne yana son shiru fiye da yadda yake son gaskiya.

Da ciwo ya ci ƙarfin Baffa, ƙafafunsa suka kumbura, ya daina zuwa Huangpu. Wata safiya maza duk sun fita, ya ce, "Uwar ɗakina, kawo wayarki."

Na ce, "Baffa, ban iya ba. A jira Auta."

"Mai tuƙa tuwon gayya ba ta kasa riƙe waya. Auta ana iya lallashinsa. Mijinki ana iya tsorata shi. 'Yar jarida tana da na gaba da ita. Ke kuwa ko ƙofar gida ba kya fita, a ina za su tare ki?"

Ranar ce na fara kallon fuskarsa sosai, ita ma ta cikin gilashin waya. Da ya gama ya ce in ajiye sai bayan ransa. Bai ƙara mako biyu cikakku ba.

Washegarin jana'iza 'yar jaridar ta kira ta yi mini ta'aziyya, tana kuka. Ta ce ta ji labarin bidiyon, tana so, amma shugabanta ya ce a wannan karon sai an haɗa da adadi, don a san girman abin da tsohon ya yaƙa. Na ce, "Malama, yana raye bai yarda ba, sai da ya mutu za a sa masa a baki? In da farashi, ba na bayarwa." Sai ta yi dariya cikin hawaye ta ce, "Hajiya, kamar shi nake ji. Ki turo, ni zan ji da shugaban."

Maigidana kuma da safe ya tsaya a bakin kicin yana juya hula a hannu. Ya ce, "Kin san in yaran Alhaji suka daina zuwa, tukunyarki ta ragu da rabi. Kuma da shi nake lodi."

Na ce, "Na sani. Wa ya kawo ka ƙasar nan?"

Ya sa hularsa. Ya ce, "Ni dai ban ce ki goge ba." Ya kai ƙofa ya juyo. "Ban kuma ce kada ki goge ba." Allah sarki, iyakar jarumtarsa ke nan, na kuwa karɓa da hannu biyu.

Ranar sadakar uku falo ya cika har bakin bene. Alhaji yana kan kujerar tsakiya da yaransa, ga dattijon Maraɗi, ga lawban ɗin Xintang a rakuɓe. Aka yi addu'a, aka ci waina. Na bari sai da kowa ya wanke hannu, don ba na so a ce na hana wani cin sadakar Baffa. Sannan na sa hijabina na ɗaga labule na fito.

Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa tsayawa a gaban taron manyan maza a falon nan ba. Amma na tuna wadda ke ɓoye fuska a ɗauke ta a jefa a buhu. Na miƙa wa Auta wayar na ce, "Tauraro, haɗa mini da talabijin."

Bai yi mini wasa ba ranar. Ya ce, "To, Yaya."

Sai ga Baffa kusa da tagarsa, hoton yana ɗan karkacewa saboda hannuna. Ya ce:

"Jama'a, ni ɗan kasuwa ne, a ciniki na tsufa. Duk abin da na taɓa sayarwa, in ya ƙare waya nake bugawa a ƙaro. Jins ya ƙare, Xintang ta ɗinka wani. Takalmi ya ƙare, a buga wani. To ku faɗa mini lambar masana'antar da za a kira ranar da ɗankunya ya ƙare. Mai ita ɗaya ne, kuma bai ba mu dillancinta ba. Ɗan kasuwar kirki ba ya sayar da abin da ba zai iya saro wani ba. Masu cewa na tona asiri, na yafe musu. Masu ɗaukar bidiyo da 'yan jarida, ku ci gaba, ku nuna shi yana tafiya da ƙafarsa. In an tambaye ku farashi, ku ce tsohon ya tafi da shi."

Hoton ya tsaya.

Can baya wani baƙo da ya sauka a makon, wanda bai san komai ba, ya yi abin da kowane ɗan kasuwa zai yi. Ya ce, "Wai shi ɓawon, nawa ake saye?"

Duk aka juyo, ba wurinsa ba, wurina. Na ce, "Meyo."

Lawban ɗin Xintang ya gyaɗa kai da ƙarfi, don ita kaɗai ya gane a duk zaman. Dattijon Maraɗi ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, yana cewa, "Taurin kan bai mutu ba, gado aka bari!" Alhaji ya miƙe ya gyara babbar riga. Ya ce, "Hajiya, kin zaɓa." Na ce, "Na zaɓa, Alhaji. Allah ya ba da ladan zuwa." Ya fita, yaransa suka bi shi. Maigidana bai ɗago kai ba, amma bai bi su ba. Kafin la'asar Auta da abokansa sun saki bidiyon, 'yar jarida ta sa shi a shirinta ba tare da adadi ko ɗaya ba.

Alhaji ya cika alkawari. Yanzu ƙaramar tukunya nake ɗorawa, maigidana kuma ya koma lodi da wani ƙaramin dillali mai jinkiri. Akwai ranakun da tuwo ke kwana. Ban ce ba na ji a jikina ba.

Amma Juma'a tana nan yadda take. Auta yana kafa fitilarsa, muna faɗa a kan tukunya, wurin taga kuma ba mai zama. Makon jiya maharbin nan ya turo saƙo. Ya ce ya ji rasuwar, ba shi da abin sadaka sai wannan. Na buɗe ina tsaye a kicin. Ganye ne jiƙaƙƙe, hoton yana rawa, sai ga uwar ɗankunya ta fito a hankali tana shinshina ƙasa, ɗanta maƙale a gindin wutsiya, daidai yadda Baffa ya faɗa. Ba ta dunƙule ba. Ta wuce abinta ta shige duhun kurmi. Miyata ta kama, na bar ta ta kama.

Allah ya jiƙan Baffa, ya sa kabarinsa ya yi sanyi irin na ƙarƙashin manyan itatuwan da ya tashi a cikinsu, ya haɗa shi da iyayensa a inuwar da ba a sarewa. Mu kuma da muka rage, ƙofata a buɗe take. Duk wanda ya hawo benen nan zai ci, zai kalla. Tuwona yana da farashi, a tambaye ni in faɗa. Wancan kuwa, tsohon ya tafi da shi.